Tsohuwa da Anga a Tashar St. George

A tashar jirgin ruwa ta St. George, inda ake tsallakawa zuwa Manhattan, wata tsohuwar Baturiya tana zaune kusa da ni, da sabuwar anga, ƙarfen tsayar da jirgin ruwa, tsakanin ƙafafunta. Rana ta gasa wuyanta. Tana ɗaura igiya a zoben angar ba ta ko kallo, irin ƙullin da babana yake yi a bakin kogi a Gaya.

Na ce, "Mama, ina za ki da wannan ƙarfe?"

Ta ce tana da ƙaramin jirgi mai tafiya da iska. Za ta bi tsohuwar hanyar ruwan da aka haƙa a arewa, har tafkunan da waya ba ta shiga. Inda yamma ta same ta, nan take jefa anga.

"Yaushe za ki dawo?"

"Ban sa rana ba."

Ina jin ta daɗe da daina neman izinin kowa. Ni da na tashi cikin kwalekwale, shekara tara ke nan rabona da ruwa sai wannan tsallakawar, zuwa jinyar wani dattijo a Manhattan.

Aka buɗe ƙofar shiga jirgi, ta sunkuya kan angar tana nishi. Ban taya ta ɗauka ba.