Kififiyar Baƙo Mai Yasar Rijiya

Shekara talatin Baƙo yana yasar rijiya tsakanin Bakori da Danja, ban taɓa jin an ce gabansa ya faɗi ba. Bamaguje ne, gajere, mai bakin tsiya. Ramin da samarinmu ke leƙawa su ja da baya, shi da waƙa yake shiga. Yana da al'adar da ya gada wurin ubansa: duk rijiyar da ya yashe sai ya bar kififiya a ciki, kunkurun ruwan nan, wai ta riƙa cinye ƙwari. Mu Musulmin unguwa mukan yi masa dariya, amma ruwan muke sha.

Ni ɗan acaɓa ne, ni ke kai shi aiki. Bazarar bara ya kamo kififiya shida a wani kududdufi da ya kusa ƙafewa. Huɗu ya zuba a rijiyoyin mutane, biyu ya ajiye don miya. Ranar da ya yanka su sai ga shi a ƙofar gidanmu ba ko hula, riƙe da leda.

"Murtala, duba nan."

Ƙodar kififiya ce, ta kumbura, duk farin ɗigo kamar an barbaɗa tsaki. Ya ce ta ɗayar ma haka take.

"Ruwa ɗaya suka fito da waɗanda na saka wa mutane," in ji shi. "Ɗaya tana gidan Hajo."

Hajo maƙwabciyarmu ce, 'yarta Zuwaira kwananta tara da haihuwa, da ruwan nan ake wa jaririya wanka, shi uwar ke sha. Na ce ya yi shiru, mu je mu tsamo su a ce yasa ce. Wallahi tsoro nake ji kada a ce Bamaguje ya zuba wa mutane sammu. Ya harare ni, ya ce in tayar da babur.

A Funtua wata likitar dabbobi, Malama Amatullah, ta duba ta ce wasu ƙananan ƙwayoyi ne ke zama a ƙodar kififiya, ba ta san suna kama mutum ba. Baƙo ya ce ta rantse. Ta ce ba za ta rantse ba, a dai cire su, a riƙa tafasa ruwan.

Gida uku muka fara bi, yana faɗin gaskiya tun daga zaure, ana zaginsa yana shiga rami. Ta gidan Hajo a mace ya fito da ita. Mata suka ɗauki salati, Zuwaira ta ƙanƙame 'yarta tana kuka. Wani ya fara laluben sanda.

Baƙo ya jefa guga, ya jawo, ya kafa kai ya sha har ruwa na bin ƙirjinsa.

"Hajo, in mutuwa ce ta fara da ni. Ga ni nan a ƙofarki."

Ya zauna gindin dalbejiya. Kwana uku yana nan, ko gona bai leƙa ba, da jaririya ta yi kuka sai ya zabura. Rana ta biyu Hajo ta aiko masa da tuwo, bai iya ci ba.

Babu wanda ya kwanta ciwo. An kwashe ruwan rijiyoyin, amma masu kiransa aiki sun ragu, shi kuma bai ƙara taɓa kififiya ba. Yarinyar, Barakatu, yanzu har tana gudu. Duk ranar kasuwar Bakori sai ya sa na tsaya a ƙofar Hajo, ya yi sallama daga waje, ya tambaya ko yarinya tana fitsari lafiya.