Ranar da Kawu Ya Juya wa Mai Gemu Baya

Duk lokacin da na ji ƙarar usur daga filin makarantar da ke bayan gidana, sai gabana ya faɗi. Ba zan ɓoye maka ba, mai karatu, ƙarar tana mayar da ni wani ɗan falo a hawa na huɗu a unguwar Hayyin Ashir, can ƙasar waje, cikin sanyin farkon shekarar 2011, ina 'yar shekara tara.

A lokacin Baba yana karatu a Darrasa, wata unguwa can cikin birnin, nesa da mu. Muna zaune da Umma, da Yayana ɗan shekara goma sha shida, da Kawu, ƙanin Umma. Kawu yana da wata leda cike da faya-fayan fina-finan ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu, ana bangazar juna da hular kwano a ka. Shi ya koya mana cewa cikin ƙartin nan mutum ɗaya ne abin kallo: kwatabak, wanda ake miƙa wa ƙwallo ya jefa. Biyu muka fi sani. Akwai na wani fim, muna ce masa Mai Gemu, ba ya magana, ba ya gaggawa, sai an kusa danne shi yake sakin ƙwallo. Akwai kuma na wani shirin talabijin, muna ce masa Dogo, sarkin surutu da fankama. Kawu da Yaya duk 'yan Mai Gemu ne. Ko muryar Dogo ba sa son ji.

Wata Juma'a gari ya rikice da zanga-zanga. Baba ya fita tun da safe, wayoyi suka ɗauke. Bayan Azahar masu kantuna suka ja ƙofofin ƙarfe ƙasa, ƙaurin taya ya riƙa shigo mana ta taga. Umma ta dafa shayi sau biyu, babu wanda ya sha. La'asar na yi, Yaya ya jawo takalminsa.

"Darrasa zan tafi in nemo Baba," in ji shi.

Umma ta roƙe shi, ta yi faɗa, ta koma kuka. Bai ɗago ba, ɗaure igiyar takalmi kawai yake yi. Kawu ya tashi ya saka faifai, usur ya cika falon, sannan ya ce kamar da talabijin yake magana, "Wallahi Mai Gemun nan matsoraci ne. Dogo ya fi shi komai."

Yaya ya tsaya cak. "Kawu, me ka ce?"

"Abin da ka ji. Tsayuwar da yake yi ba natsuwa ba ce, ƙafa ce ba shi da ita."

Sai Yaya ya hau. Ya kawo jifan da Mai Gemu ya yi cikin ruwan sama da yatsa a karye. Kawu ya ce sa'a ce. Yaya ya kawo yadda Dogo ya zubar da ƙwallo saura taku biyu ya ci. Kawu ya ce a mayar da faifan baya su gani. Aka mayar. Aka sake mayarwa. Can nesa aka ji wani abu kamar fashewar taya, sau uku. Kawu ya ƙara sauti.

Ana gab da kiran Magariba aka buga ƙofa. Baba ne, idanunsa jawur saboda barkonon tsohuwa, ƙafafunsa sun yi buɗu-buɗu. Da ƙafa ya taho, ta lunguna.

"Tun daga hawa na biyu nake jin muryoyinku," ya ce. "Lafiya?"

"Khalas, an gama," in ji Kawu, ya kashe talabijin. Ya shige banɗaki, muka daɗe muna jin ruwa yana zuba. Yaya ya dubi ƙafafunsa, takalmi ɗaya ne kawai a ɗaure.

Yau ina da 'ya'ya biyu, Kawu kuma ya yi furfura a Zariya. Kowane yaro na gani yanzu da wayarsa, ya toshe kunne, yana dariya shi kaɗai a kan abin da na kusa da shi bai gani ba. Wani lokaci nakan zuba wa nawa ido in tambayi kaina: idan sun girma, ranar da ɗayansu zai jawo takalmi gari a rikice, da wace gardama zan riƙe shi?