Yadda Muka So Mu Ɓoye Balki

Har gobe ban manta da safiyar da sufeto ya zo lakol ɗinmu ba, wato makarantarmu ta boko. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina aiki a wani ƙauye kusa da Gangara. Muƙamina monita, wato ƙaramin malami da ake bai wa 'yan ajin farko. Lakol ɗin aji biyu ce, ɗaya na laka, ɗaya rumfar kara. Direktanmu Mushe Isaka (Mushe ake ce wa malamin lakol, daga Faransanci) mutumin kirki ne, sai dai in ya ga takarda mai hatimi duk sai ya rikice.

Ku na yanzu ba ku san yadda ake ɗaukar yara a lokacin ba. Babu takardar haihuwa. Mai gari zai tara yara a ƙofar gidansa, kowane yaro ya ɗora hannun dama bisa kansa. In ya taɓo kunnen hagu ya isa lakol, in bai taɓo ba a sallame shi. Iyaye kuwa ba sa son lakol. Wasu su ɓoye yaro cikin rumbu, wasu su koya masa noƙe hannu. Don haka duk wanda na ce wa "ba ka kai ba", gani nake alheri na yi masa.

A shekarata ta farko wata 'yar siririya ta zo gabana, ta ɗan motsa kafaɗa ƙarƙashin zane, hannu bai tashi ba. Na ce ta tafi. Ta fashe da kuka, na ɗauka tsoron lakol ne bai sake ta ba, na kira na bayanta.

Da shekara ta zagayo sai ga ta kuma, wannan karon da uwarta, Inna Tsahara, mai sayar da ƙuli-ƙuli ran kasuwa. Mata ba sa zuwa wurin nan, amma ita ta ratsa maza ta tsaya gaban teburinmu, ta yaye zanen yarinyar. Hannun dama ya shanye tun tana goyo, shan inna ne.

Ta ce, "Mushe, bara kai ka kore min ɗiya. Wanga hannu ko shekara arba'in ta yi ba shi taɓa kunne. Buɗe baki, Balki. Duba haƙora, ta yi famfara tun yaushe. Ko Fulani haƙori suka duba in za su sayi saniya."

Wurin ya kwashe da dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni. Mushe Isaka ya ja ni gefe ya ce an hana rubutu da hagu, mu kanmu da rula aka raba mu da shi, in sufeto ya gani mu za a tuhuma. Na roƙe shi. A ƙarshe ya yarda, amma da fensir ya rubuta sunanta a rajista, yadda za a iya gogewa in magana ta taso.

Watannin allo da alli Balki ta wuce kowa. Damuwa ta zo da muka shiga rubutun tawada a kaye, wato littafin rubutu. Ramin tawada yana dama da tebur, sai ta miƙa hannu ta ƙetare kaye, ɗigo ya zuba. Kayen yana zamewa don babu hannun da zai danne shi, gefen hannunta kuma yana shafe abin da ta rubuta. Kullum shafinta baƙi ƙirin, kullum tana haɗiye kuka.

Wata ranar Alhamis da babu aji na tafi gidansu in gaya wa uwar abin ya gagara. Na tarar da Balki tana daka da hannu ɗaya, an binne gindin turmi a ƙasa don kada ya faɗi, an sassaƙa mata taɓarya daidai ƙarfinta. Ƙwaryar da take wankewa an kafa ta cikin gammo. Igiyar akuya ma an yi mata maɗauki da ake zurawa a turke ba sai an ƙulla ba.

Da na gaya wa Inna Tsahara matsalar kaye da tawada, ta saurare ni tana murza ƙuli-ƙuli, ta ce, "To mi ne ne abin wuya nan? Abin da ka gudu a danne shi, abin da ya yi nisa a matso da shi. Ku da kuka yi karatu!"

Washegari Balki ta zo da 'yar jaka ta tsumma cike da yashi, ta ɗora bisa kaye, ya zauna daram. Ni kuma na kira maƙeri ya huda sabon ramin tawada a hagun tebur da ƙarfe mai zafi. Karkatar da kayen don hannu ya bi ta ƙarƙashin layi, ita da kanta ta gano. Kafin damina ta faɗi rubutunta ya fi nawa kyau, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sai ga takarda, sufeto zai zo daga Maraɗi ranar Litinin. Mushe Isaka ya kasa cin abinci. Ya ce, "Lawali, ga rubutun hagu, ga teburin gwamnati da ka ƙona. Yarinyar nan ta zauna gida ranar, teburin a kai shi bayan rumfa." Na san ba daidai ba ne, amma ni ma ina tsoron aikina. Na ce wa Balki ranar Litinin ta huta.

Litinin da safe mun share fili, yara sun yi layi, sai ga Inna Tsahara riƙe da hannun Balki, an yi mata sabon kitso.

Ta ce, "Mushe, ni ban taɓa ɓoye ɗiyar nan ba. Da ita nika zuwa biki, da ita nika zuwa rijiya, duk mai kallo shi kalla. Mutane na ɓoye muku ɗiya cikin rumbu kuna hwaɗa, yau ku za ku ɓoye min tawa?"

Tana rufe baki muka ji ƙarar mota. Na ruga bayan rumfa na kinkimo teburin da kaina na mayar wurinsa. Mushe Isaka ya dube ni, ya kau da kai.

Sufeton dogo ne mai tabarau, ba ya yawan magana. Ya sa na yi wa yara shifta, yana zagayawa hannu a baya. Da ya iso kan Balki ya tsaya. Ya ɗaga jakar yashin ya jinjina ta ya mayar. Ya sa yatsa cikin ramin da maƙeri ya huda, ya tambayi wanda ya yi. Na ce ni na sa aka yi. Ya buɗe kayenta daga shafukan farko masu baƙi har zuwa na ranar, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce a kawo rajista.

Da ya ga sunan da fensir ya dubi direkta ta saman tabarau. Ya goge shi da kansa. Sai ya ajiye rajistar a kan teburin Balki, ya ɗora mata jakar yashi, ya ce da Hausa, "Ɗiyata, rubuta sunanki da tawada."

Ta karkata wannan ƙaton littafi ta rubuta, ko ɗigo bai faɗa ba. Inna Tsahara da ke leƙe ta taga ta rangaɗa guɗa, yara suka hau tafi babu wanda ya ce su yi. Mushe Isaka yana dariya yana share ido da gefen riga. Ni daɗi ya hana ni tsayuwa wuri ɗaya. A rahotonsa sufeto ya ja mini kunne kan ƙona tebur ba da izini ba, a layi na gaba ya ce a bar teburin yadda yake.

Abin da na koya shi nake gaya wa duk ƙaramin malami. Kafin ka ce yaro ba zai iya ba, je ka ga yadda gidansu suke yi da shi, don uwarsa ta riga ka shekaru tana wannan aikin. Sauran darasin kuma ɗaukar yara ta gaba ce ta ba ni. Muna zaune ƙofar mai gari sai ga wani dattijo ya sauke jikansa gurgu daga kan jaki, bayansa ga wata mata da ɗanta kurma. Shekarata ta uku ke nan a garin, na ɗauka na san kowane gida, amma yaran nan ban taɓa ganinsu ba sai ranar.