Mai Tsayar da Hannun Ɓera

Tsohon tela ya yi ɓatan hanya a asibiti, yana neman likitan da zai duba hannunsa mai rawa, wanda ko zare ya daina iya zurawa a allura. Ta wata buɗaɗɗiyar ƙofa yake hango wata mata cikin farar riga, tabarau ya zamo mata kan hanci. Ta ƙura wa wani ɓera ido a akwatin gilashi, tana cizon leɓe. Ɓeran na miƙa hannu zai ɗauki ƙwayar hatsi, sai ta danna maɓalli. Shuɗin haske ya kama a kan ɓeran, hannunsa ya tsaya cak.

Kan tsohon ya ɗaure. Ya ce a ransa, ko me wannan take gaya wa surukarta idan ta tambaye ta aikinta?

"'Yata, horo kike masa?"

"A'a, Baba. A ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da aikinsu taka wa motsi birki. Hasken nan ne ke kunna su. A kansu nake bincike."

Ya ɗaga hannunsa, yana ta kakkarwa. "To, ni birkin nawa ne ya tsinke?"

Ta daɗe tana kallon yatsun.

"Wallahi, Baba, ban sani ba tukuna. Taso in raka ka wajen likita."