Mai Shan Iska a Firjin Jini

Ta tagar ɗakin ajiye jini nake kallon wani ma'aikaci, ina jiran ledar jinin da za a ƙara wa yayata. Farar rigarsa ta sha guga, maɓallin tsakiya na neman agaji a kan tumbi. Da gani irin mutanen nan ne da ake ce wa likita a unguwa, su kuwa ba sa musawa.

Zafi ya dame shi. Sai ya wangale ƙofar firjin jinin, ya juya baya, ya ɗage wuyan riga, sanyi na ratsa ƙeyarsa yana lumshe ido. Waya na manne a kunne, yana ba wata labarin yadda asibitin nan zai durƙushe ranar da ya tafi hutu. Firjin ya fara ƙara, jar fitila na ƙiftawa. Ko waiwaye bai yi ba, ya miƙa hannu ya danne maɓalli kamar mai toshe bakin yaro.

Wata nas ta leƙo. "Yallaɓai, jinin nan ba ya son ɗumi fa. Lalacewa yake yi."

"Ke, tun kafin a haife ki nake aikin nan."

Na yarda. Tsatsar ƙofar ma ta daɗe a nan.

A bayansa ledoji ne a jere, kowacce daga jijiyar wani aka zuƙo ta. Ɗaya tawa ce, jiya na bayar har jiri ya kwashe ni. Ga ta can tana gumi, don ƙeyar ƙato ta huce.