Barau Mai Dafa Sarƙar Babur

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malam Barau ya riga ya share gaban rumfarsa a tashar Talata Mafara, ya jera sifanu a kan buhu, ya hura gawayi a ƙarƙashin wata tsohuwar tukunyar ƙarfe. Baƙo zai ɗauka mai shayi ne. Sarƙar babur yake dafawa, kuma sama da shekara arba'in ke nan yana wannan aiki. Bana ido ya fara gazawa, ya ce zai ajiye, shi ya sa na ga ya dace a faɗi abin da aka gani game da shi tun yana ji da kunnensa.

In ana maganar rashin yarda, Barau ya kai maƙura. Ka kawo masa mai a galan da hatiminsa, sai ya buɗe, ya shinshina, ya murza a tsakanin yatsu, ya ɗaga wa rana, sannan ya tambaye ka wa ya sayar maka, shi kuma a ina ya samo. Matarsa Saude ta ce ko man gyaɗar miya haka yake yi masa. Ni kaina ya sha ba ni haushi.

Lokacin da ake aikin madatsar Bakolori, babura suka cika Mafara da Bakura da Maradun. Wanda jiya yake bin jaki, yau ga shi a kan sabon ƙarfe, bai san komai game da shi ba sai murza hannu. A nan ne wani mai suna Arzika ya kafa tebur a bakin tasha yana sayar da mai a kwalabe, wai irin wanda manyan injunan aikin ke sha ne. Ga araha, ga shi in an tsiyaya wa sarƙa sai ta riƙa ƙyalli. Mutane suka yi masa caa.

Barau ya murza man sau ɗaya ya ce wannan ya gama aiki a cikin inji, garin ƙarfe ne a ciki, yashin hanyar gonaki kuma zai manne masa ya cinye sarƙa. Ba wanda ya saurare shi. Shi nasa aikin, sai ya cire sarƙar ya shige da ita bayan zana, ba ya barin kowa ya leƙa, bayan awa biyu ya fito da ita a bushe ƙayau. A idon mutanen lokacin, sarƙar da ba ta ɗiga mai ba ta sha mai ba. Aka fara ƙus-ƙus. Wasu suka ce yana karɓar kuɗi bai sa komai ba, wasu suka ce a bayan zanar nan yake musanya sabuwa da tsohuwa.

Maganar ta fashe ne ranar da Hashimu, wani mai kai tumatir Bakura, ya tsaya a tsakiyar tasha ya rantse cewa sarƙar da aka mayar masa ba tasa ba ce, tasa baƙa ce mai sheƙi. Sarkin tasha, Alhaji Jatau, ya kira Barau gefe ya ce masa zance ya yi yawa. Ko dai ya nuna abin da yake yi a ɓoye kafin kasuwar Talata ta watse, ko ya kwashe kayansa. A garin da kowa ya san uban kowa, wanda aka kora da sunan ɓarawo ba shi da sauran wurin zama.

Abin da ke bayan zanar kuwa shi ne abincinsa. Shekara uku ya yi yana gwaji kafin ya dace da haɗin, kuma ya san ranar da aka gani, ranar kowa zai iya. Saude ta ce bai taɓa tuwo ba kwana biyu.

Ranar Talata da hantsi ya yaye zanar da hannunsa. Ya ce Hashimu ya cire sarƙar wani babur da kansa, baƙa mai sheƙi irin tasa ta da, ya ɗaura mata zare don shaida. Barau ya wanke ta da kananzir har ruwan ya koma baƙi, ya narka giris da kakin zuma da yake saye a wurin masu amya na Dosara, ya tsoma ta, ya bar ta ta yi ta kumfa. Da ya tsamo, ya rataye ta ta tsane, ya goge bayanta tas da tsumma. Sannan ya ɗebi yashi ya watsa mata, yashin ya zube ƙasa. Ya watsa wa ta wani babur da ta sha man Arzika, ta kama shi kamar ƙosai a yaji.

"Mai ciki yaka aiki, ba baya ba," in ji shi. "Wanga da kuka gani yana ƙyalli, yashi yaka kira. Ga shi nan, ba wani asiri. Wanda duk ka so, shi tai shi yi."

Hashimu ya juya sarƙar, ga zarensa, ga ta a bushe kamar waccan da aka mayar masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ɗauki alhakinka, Malam Barau. Ka yahe min."

Kafin damina ta faɗi, tukwane huɗu ne ke tafasa a tashar, har da ta Arzika. Rabin masu zuwa wurin Barau suka koma inda ya fi sauƙi. Shekarar nan sai da Saude ta sayar da awakinta biyu kafin hatsi ya kai su kaka. Ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba, sai dai in ya wuce tukunyar wani ya leƙa, ya ce kaki ya yi kaɗan.

Malam Barau, kai ne ka sayi sunanka da abincin bakinka, ba ka nemi ragi ba. Kai ne malaman makarantar garin Kaya suka yi shekaru suna zuwa aji a kan aikinka, ba su taɓa tura babur a daji ba. Da yawa daga cikinmu mun zarge ka, ni ma ina ciki, kuma har yau ina jin kunyar abin. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar ido.

Ku kuma masu sana'ar hannu, ku riƙa aikin da in an ce ku yi shi a tsakiyar kasuwa ba za ku nemi uzuri ba. Barau ya yi, ya yi asara, amma 'ya'yansa bakwai sun tashi a Mafara ba a taɓa nuna ɗayansu da baki ba.