Matsa Hagu, Yaya: Shekara Bakwai da Rasuwar Habu Mai Usur

A wannan makon Yaya Habu ya cika shekara bakwai da rasuwa. Ɗan wan mahaifina ne, shi ya tarbe ni a Guangzhou ta ƙasar China da na zo karatu, shi ya koya mini hawa jirgin ƙasa, shi kuma ya ɗora mini jarabar ƙwallon Amurka. Na so in zauna in yi masa rubutu cikin natsuwa, irin wanda ya dace da mamaci. Abin ya ƙi. Tun Lahadi nake tashi ina zama a ofishinmu na tura kaya da ke unguwar Dengfeng, na rubuta layi biyu, na miƙe na leƙa titi, na dawo. Asabar mai zuwa muna da wasa da ɗaliban wata jami'a, kuma usur ɗin da ya bari a wuyana yake.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallon kamar gwanda take, kuma da hannu ake yawan buga ta. Mutum biyar majiya ƙarfi suna jeruwa a gaba, mu muna ce musu 'yan katanga. A bayansu mai jifa yake tsayawa, wanda masu wasan suke kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo, ya duba fili, ya jefa wa wanda ya kuɓuce. Kafin kowane hari kuma shi ke tara mutanensa a da'ira, a haɗa kai, ya faɗa wa kowa inda zai tsaya. Yaya Habu bai taɓa cewa kwatabak ba. Madugu yake cewa, wai don ayari duk a wuyansa yake.

A wata ƙaramar kwaleji ya ga wasan, lokacin da ya yi 'yan shekaru yana karatu a Amurka. Bai taɓa buga musu ba, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Aikinsa ɗaukar hoton atisaye, saboda haka ya kalli madugai da yawa suna tashi suna faɗuwa. Da ya dawo harkar wandunan jins a Xintang, kusa da Guangzhou, sai ya tattara ɗaliban Arewa da na Nijar a wani fili a Panyu duk Lahadi da safe. Da yake ba mu cika ba, ya jawo 'yan kasuwa uku masu jiki suka cike katanga. Babbansu shi ne Alhaji Illo, mutumin Maradi mai sayen kayan gini, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin.

Dokar Yaya ɗaya ce, kuma ita ta haɗa ni faɗa da shi. Sabon madugu ba ya shiga wasan gaske sai Yaya ya ce ya nuna, ko da za a shekara. Ni kuwa ina da hannu. Ba yabon kai ba, in na saki ƙwallo har 'yan China masu gudu a gefen fili tsayawa suke yi. Amma wata goma sha ɗaya ina atisaye, ranar wasa ina riƙe da gorar ruwa. In na yi ƙorafi ya ce da rarrafe yaro kan tashi, ni kuma in ce a raina wannan rarrafen ya kai ni furfura.

Akwai wani abu da yake yi wanda na ɗauka rashin iyawa ne. A tsakiyar atisaye sai ya ajiye usur ya shiga cikin 'yan katanga, ya duƙa a inda bai kamata ba. Wani lokaci ya matse na kusa da shi, wani lokaci ya bar ƙofa. Ina ganinsa sarai. To amma ta yaya zan buɗe baki a gaban jama'a in ce wa yayana ya gyara tsayuwa? A gidanmu ko sunansa ba na kira. Sai in kau da kai, in gewaye shi da dabara, in jefa ƙwallona ta faɗa inda nake so. Shi kuma ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Da saura." Na yi ta gyara riƙon ƙwallo da takun ƙafa, ina zaton a nan sauran yake.

A lokacin ne aka fara yayin sauri. Muna kallo a waya yadda wasu kwalejojin Amurka suka daina yin da'ira. Ana gama hari ɗaya sai kowa ya ruga ya jeru, a sake kai wani kafin abokan hamayya su numfasa. Abin ya tafi da ni. Na kai wa Yaya waya har shagonsa, ya kalla, ya ce saurin ba laifi ba ne, amma waɗancan sun yi shekaru suna jin muryar madugunsu kafin su daina zama da shi. Na ce tsufa ne ke damunsa, alhali a lokacin bai cika arba'in da biyar ba.

Ranar da abin ya faru, madugunmu, wani ɗalibi ɗan zangon Kumasi da ya shigo cikinmu daga baya, ya tashi da zazzaɓi. Yaya kuma lodin kaya ya tsare shi a Xintang. Ya kira ni ya ce a ba abokan wasan haƙuri a ɗaga. Na ce to, na kashe waya, na juyo na faɗa wa jama'a wai Yaya ya ce ni zan ja. Na soke da'ira, na ce yau gudu za mu yi. Kuma mun yi. Kafin hutun rabin lokaci mun ci sau biyu, kaina ya yi girma har hular kwanon da muke sawa a wasa ta matse ni.

Bayan an dawo ne Alhaji Illo ya gaji. Mutum mai jiki, ga zafin Guangzhou mai danshi, ga ni ina kora su kamar masu tseren kama mota. A wani hari ya rugo ya duƙa kusa da na damansa, har ƙafafunsu suna gogar juna. Na gani. Taki ɗaya zai matsa hagu shi ke nan. Da muna yin da'ira, da na samu na faɗa masa a hankali yadda ba wanda zai ji. Yanzu kuwa sai dai in ɗaga murya a gaban kowa in ce wa Alhaji ya matsa. Bakina ya yi nauyi, sai na ce wa kaina ai babu lokaci, na nemi ƙwallo. Aka turo na damansa ya faɗo masa a gwiwa ta gefe. Ƙarar da na ji ranar har yau ina jin ta in ana karya rake.

A asibiti Yaya bai yi mini faɗan ƙaryar da na yi da sunansa ba. Ya ja ni bakin taga ya ce, "Nasiru, tsayuwar tasa, ka gani ko ba ka gani ba?"

Na ce, "Ban gani ba, Yaya. Sauri ake yi."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah Ya kiyaye gaba. Bai sake tayar da maganar ba. Bayan wata takwas ya tafi Kano yin Sallah, ciwon da bai kai mako biyu ba ya ɗauke shi. Ban samu jana'izarsa ba. Ƙaryata ta biyu ita ce maganar kirki ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu, kuma wannan yana ci mini rai.

Sai da na fara riƙe usur na gane abin da yake nema a wurina. Hannu ba shi ne matsalar yaranmu ba. Matsalar ita ce an rene mu da sunkuyar da kai, tarbiyya ce mai kyau kuma ba na fatan mu rasa ta, amma madugu yana da 'yan daƙiƙu ne kawai, kuma gwiwoyin mutane suna hannunsa. Yaya yana duƙawa a gurguwar tsayuwa ne yana jiran ranar da zan ce, matsa hagu, Yaya. Kalma uku. Wata goma sha ɗaya yana ba ni dama, ni kuma ina ta nuna masa jifa.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga wasan yau. Yanzu a can Amurka ɗan shekarar farko ake ɗorawa a gaba, in ba a sa shi ba ya tattara ya koma wata makaranta. Daga gefen fili ake ɗaga wa madugu alama, wani ma bai san dalilin abin da aka ce ya yi ba. Ɗalibanmu na nan ma haka suke so. Da bidiyo suke zuwa atisaye, kowa ya haddace salon wani. Ban ce Yaya zai tsine wa zamani ba, don shi ba mai wannan halin ba ne. Ina jin zai ajiye usur ne kawai ya shiga katanga ya duƙa a karkace, ya jira.

Bana Allah Ya kawo mana Isuhu, ɗan ƙanen Alhaji Illo, ɗalibin shekarar farko a fannin injiniya. Hannunsa ya fi nawa a lokacin da nake ji da kaina. Ga ladabi, in zai gaishe ni sai ya rusuna har ina jin nauyi. Mako shida ke nan ina shiga katanga ina duƙawa a inda bai kamata ba. Ina jin idonsa a bayana. Sai ya yi shiru, ya gewaye ni, ya saki ƙwallo ta tafi kamar an auna da igiya. Kamar ina kallon kaina ne a madubi, kuma ba na jin daɗin abin da nake gani.

Alhaji Illo bai daina zuwa fili ba. Da sanda yake tafiya yanzu, kuma duk shekarun nan ban taɓa iya haɗa ido da shi sosai ba. Tun da aka sa ranar wasan yake aiko mini da saƙo cewa Isuhu zai ja, kuma a yi gudu irin na zamani. Jama'a ma suna bayansa, don an gaji da shan kashi. Ni kuma in ce to, Alhaji, za a duba. Tsohon ciwon nawa dai, bai je ko'ina ba.

Ranar Lahadin da ta wuce ya shigo har tsakiyar fili da sandarsa, ya tsaya a gefen 'yan katanga yana tsara su da kansa. Kowa ya zuba mini ido. Na ji bakina ya yi irin nauyin nan da na sani. Na kama usur ɗin Yaya na riƙe, ban busa ba, na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri ka fita daga fili. Isuhu ba zai ja ranar Asabar ba. Da saura."

Har na ƙarshen layi ya ji. Alhaji ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Na zaci zai kama hannun ɗansa su tafi, shi ke nan mun rasa su duka biyu. Sai ya dogara sandarsa ya matso, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Ran nan na waiwayo, Nasiru. Na ga idonka bisa ƙahwata." Ya dubi sandar. "Da ka hwaɗi haka tun sannan, da yau ba ni riƙe da iccen ga."

Ya juya ya fita a hankali, ya zauna a kan benci. Bai tafi ba. Ni kuwa na kasa ci gaba da atisaye sai da na je bakin famfo na wanke fuska. Ashe shekara kusan takwas mutumin nan yana amsa gaisuwata, yana kirana cin tuwo a gidansa da azumi, alhali ya sani. In shi ya sani, to Yaya ma ya sani tun a bakin tagar nan.

Ban san yadda Asabar za ta kasance ba. Mai yiwuwa a lallasa mu, ɗalibai su ce na cuce su, Isuhu ya yi fushi ya koma ƙwallon ƙafa. Wannan tunanin ne ke hana ni zama wuri ɗaya. Yaya bai bar kofin gasa ko ɗaya ba, shagonsa na Xintang ma wani ne a ciki yanzu, kuma cikin ɗaliban bana babu wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Abin da ya rage nasa shi ne usur ɗin nan, da wannan gurguwar tsayuwa da nake yi duk Lahadi, wadda baƙi ke ɗauka rashin iyawa ce. Allah Ya jiƙan Yaya Habu, Ya yafe masa, ni ma Ya yafe mini amsar da na ba shi.

Jiya da yamma mun ɗan yi atisaye. Na ajiye usur na shiga katanga, na matse na damana kamar yadda Alhaji ya yi ranar nan. Na ji Isuhu ya ja numfashi a bayana, ya ce, "Kawu..." sai ya haɗiye sauran. Ban miƙe ba. Gwiwoyina suna zafi, amma shi Yaya wata goma sha ɗaya ya jira ni, ni kuwa yanzu na shiga mako na bakwai.